Ƴan Bori na Ƙasar Gobir: Abin da Ake Faɗi da Abin da Na Gani

A kwanakin baya aka kawo mini wata takarda ta Faransanci a wurin aiki, aka ce in mayar da ita Hausa. Takardar tana magana ne a kan samari da ƴanmata na ƙasashen Turai, da irin ƙungiyoyin da suke shiga, da yadda manya ke kallonsu. Aiki ya yi ta tafiya daidai har na iso ga wata kalma, watau "gotik", sai alƙalami ya tsaya. Na duba ƙamus ban sami abin da zai fisshe ni ba. Wani abokin aikina da ya taɓa ganin hotunansu a waya ya ce kada in wahal da kaina, in rubuta "masu bautar shaiɗan" in wuce, kowa zai gane. Na ƙi. Ban taɓa ganin ko ɗaya daga cikin mutanen nan ido da ido ba, amma na taɓa jin an faɗi wannan magana a kan wata mace da na sani ƙwarai, ƙanwar mahaifina, wadda ta yi zamanta duka a wani ƙauye na kanton Gidan Sori, cikin gundumar Gidan Rumji. Goggona ƴar bori ce.

Bari mu fara da baƙi, sa'an nan mu dawo gida. Ƴan gotik sun ɓullo a Ingila wajen ƙarshen shekarun 1970, daga cikin masu son wani irin kiɗa mai nauyi, wanda waƙoƙinsa ke yawan ambaton mutuwa da dare da kaɗaici. Masana abin sukan ƙirga farkonsa daga wani faifai da ƙungiyar makaɗa ta Bauhaus ta fitar a 1979, kuma a 1982 aka buɗe wani gidan rawa a Landan mai suna Batcave inda suka riƙa taruwa. Alamarsu baƙaƙen tufafi daga kai har ƙafa, da kwalli mai yawa a ido, maza da mata, da fuskar da aka shafa wa farar hoda. Tun 1992 dubbansu na haɗuwa a birnin Leipzig na Jamus, wasu kuma tun 1994 a Whitby, wani ƙaramin gari na bakin teku a Ingila. In an watse kowa ya koma ga sana'arsa, wannan malamin makaranta, wancan ma'aikacin asibiti, waccan uwar ƴaƴa.

Sunan ma kansa yana da labari. Got wata kabila ce ta Turai wadda ta ci birnin Rum da yaƙi a shekara ta 410. Bayan shekara fiye da dubu, masanan Italiya da suka raina ginin manyan majami'u irin Notre-Dame ta Paris suka laƙaba wa ginin sunan wannan kabila, watau aikin mutanen da ba su waye ba. Zagi ne tun asali. Sannu a hankali ɗacinsa ya gushe, har samarin Ingila suka ɗauke shi suka yi wa kansu suna. Mu ma mun san irin sunan da wani ke raɗa wa wani. Mutanen gulbin Maraɗi da suka riƙe al'adun kakanni ana ce musu Anna ko Azna, a ƙasar Kano a ce Maguzawa, kuma duk wanda ya tashi a nan ya san yadda sunan ke fita daga bakin mutumin birni.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa nake ɗan gotik da ɗan bori abu ɗaya ne. Ɗan gotik ba shi da wani addini na dabam, ba ya yanka, ba abin da ke hawansa. Sha'awa ce ta kai shi, ran da ya gaji ya tuɓe. Ƴar bori kuwa mafi yawan lokaci ba ita ta zaɓa ba. Abin da ya haɗa su guda ne: tufa da kiɗa suna sa a gane su tun daga nesa, wanda ya gane mutum daga nesa kuwa yakan ga ba shi da bukatar matsowa kusa.

Bori a ƙofar fada

Ƙasar Gidan Sori ƙasar Gobir ce, yamma da Tsibiri. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, da yaƙin Gawakuke na 1836 inda aka kashe Sarkin Gobir Ali, Gobirawa suka kafa sabon birni a Tsibiri ƙarƙashin Sarki Mayaƙi, kusa da Maraɗi inda Katsinawa suka riga suka zauna. Waɗannan masarautu biyu ba su bi Sakkwato ba, saboda haka sarautun dā suka tsira a cikinsu, har da na mata. A Tsibiri akwai Inna, a Maraɗi akwai Iya. Daga gidan sarauta ake naɗa su, kowace da fadarta da mutanenta, kuma ƴan borin ƙasar a hannunsu suke. Ke nan bori a nan bai tashi a ɓoye ba. A ƙofar fada ya zauna, da saninsa ake naɗin sarki, da saninsa ake roƙon damina, kuma an san shi tun daga nan har gabas, wajen Agye da Gazawa a bakin gulbin Kaba.

Wata Bafaranshiya mai bincike, Jacqueline Monfouga-Nicolas, ta zauna da ƴan borin gulbin Maraɗi ta fitar da littafi a kansu a 1972. Ta tarar mafi yawansu mata ne, kuma ƙofar shiga ita ce ciwo. Da na karanta littafin a makarantar horar da malamai, sai na ga kamar labarin gidanmu ne aka rubuta da Faransanci.

An yi wa Goggo aure tana yarinya. Ta haifi uku ta binne uku, ba wanda ya kai yaye, har aka fara kiranta mai wabi. Bayan na ukun sai ta daina magana, ta daina cin abinci sai an matsa mata, hannunta na dama ya yi nauyi har ba ta iya ɗaga taɓarya. Aka kai ta wurin malam ta sha rubutu, aka kai ta gidan likita aka ba ta ƙwayoyi, jiki ya ƙi. Kishiyarta kuwa tana ta haihuwa. Daga ƙarshe wata tsohuwa ta dube ta ta ce Doguwa ce ta kama ta, kuma ba za ta sake ta ba sai an yi girka.

Ban ga girkar ba, ba a haife ni ba tukuna, amma na ji labarinta daga bakuna da yawa. Kwana bakwai aka tsare ta a ɗaki. Ana ba ta jiƙon saiwoyi da ganye tana sha tana wanka, mai goge da masu ƙwarya suna kiɗa safe da dare, tsofaffin ƴan bori suna kewaye da ita suna koya mata yadda iskarta ke zama, da abin da take so, da abin da ta hana. Aka yanka baƙar akuya. Ran fita aka yi wasa a fili gaban jama'a, ta fito ɗaure da baƙin zane na saƙi. Daga ranar ta zama goɗiyar Doguwa, gama haka ake kiran macen da iska ke hawa, namiji kuma a ce doki. Ta warke, ta koma daka, daga baya ta haifi biyu suka rayu.

In an tambaye ni abin da ya warkar da ita, ni Musulmi ne, na san Allah ne mai warkarwa, na kuma yi lakwal. Abin da idona ya gane shi ne, ga mace da ta binne ƴaƴa uku, aka bar ta ita kaɗai cikin ɗaki da tunani, kowa na gudun ya ambaci abin da ya same ta. Sai ga kwana bakwai mata goma suna kwana da ita, suna dafa mata, suna yi mata wanka, an sa wa ciwonta suna, an ce ba laifinta ba ne, an kuma ba ta ƴan'uwa waɗanda ba za su bar ta ba har ƙarshen ranta. Ita Goggo ba haka take bayyana shi ba, kuma ban taɓa yi mata gardama ba.

Yadda take kwana, yadda take tashi

Mai jin an ce "ƴar bori" yakan zana mace mai birgima a ƙasa, gashi a tsefe, kumfa a baki. Ni wadda na sani da asuba take tashi ta yi salla, ta hura wuta, ta tafi rijiya. Da damina tana noma gamanarta, ƴar gonar da miji ya yanka mata, ta shuka gyaɗa da wake da yakuwa. Da rani tana matsar man gyaɗa tana soya ƙuli-ƙuli, ran kasuwa ta ɗora a ka ta tafi. Ita ke riƙe kuɗin adashin matan unguwarsu, gama ba a taɓa kama ta da cin dalar kowa ba. Tana azumi, tana fid da zakkar kono. In mace na naƙuda da tsakar dare ita ake bugawa ƙofa.

Kayan borinta suna cikin wani ƙaramin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado: baƙin zanen nan, da ɗankwali, da kwalbar turare, da wasu ƴan tarkace da ba a bari yara su taɓa. Ranakun da take ɗaura zanen a shekara ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba, watau bayan kaka in an sa wasa, ko in an kira ta girkar wata. Sauran kwanakin duka atamfa take ɗaurawa kamar kowace mace. Amma a ƙauyen, in baƙo ya tambayi gidanta, sai a ce a kai shi gidan mai baƙin zane.

Na ga wasa sau da yawa ina yaro, daga bayan zana nake leƙe. Kowace iska da kiɗanta da kirarinta, da launin dabbar da ake yanka mata, da tufarta. In mai goge ya juya kiɗa, sai ka ga wanda abin ya shafa ya fara hamma, jiki na rawa, har iskar ta hau, a yi maza a sa masa kayanta. Malam Alhaji da farar riga yake zuwa, tsoho ne mai tari, tasbaha a hannu. Ɗan Galadima ɗan sarki ne mai ado, mai kyauta har ya rasa na kansa. Sarkin Rafi shi ne mai jifa, ya yi tsalle sama ya faɗo zaune a ƙasa, ƙura ta tashi. Kuturu ya zo da yatsu a dunƙule yana korar ƙuda. In iska za ta sauka sai dokin ya yi atishawa, ya zauna a gajiye, ya ce bai san abin da ya faru ba. Da na girma na lura duk ƙasar Hausa ce ke wucewa a filin nan, malami da ɗan sarki da maharbi da Bafillatana da musaki, kowa da halinsa da aibinsa, ba a bar kowa a baya ba.

Har Nasara ma yana ciki. A 1925, a ƙasar Filinge, wasu sababbin iskoki suka ɓullo a kan wata mace mai suna Shibo da mutanenta, iskokin da ke fareti da ba da oda kamar sojan Faransa. Su ne Babule, waɗanda Zabarmawa ke kira Hauka. Kwamandan Yamai na lokacin, Croccichia, ya sa aka kama su aka tsare. Bai daɗe ba shi ma ya zama iska a cikinsu, ana kiransa Kwamandan Mugu. Jean Rouch ya ɗauki wasansu a silima kusa da Ankara ta ƙasar Gana, fim ɗin ya fito a 1955, ya kuma jawo gardama mai zafi, gama wasu sun ce ya nuna baƙar fata kamar mahaukata, Turawan mulki kuma suka ga kansu a madubi abin bai yi musu daɗi ba.

Maganganun da ake yi

Magana mafi nauyi ita ce ta malamai, cewa yanka don wanin Allah shirka ne. Wannan ba ƙage ba ne, kuma ba sabuwar magana ba ce. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar Gobir a 1754, ya yi wa'azi a kan gauraya Musulunci da al'adun dā tun kafin jihadi. Da ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta yi ƙarfi a Maraɗi, wa'azin ya ƙara tsanani, wasan bori ya ja baya daga tsakar gari zuwa bayan gari, daga rana zuwa dare. Ba aikin wannan shafi ba ne ya yi fatawa, akwai masu ita. Sai dai akwai bambanci tsakanin malamin da ya ce wa mace abin da take yi kuskure ne, ya zauna ya karantar da ita, da yaron da ya ji wa'azi a lasifika ya ɗauki dutse.

Sauran maganganun kuwa, yawancinsu ba su da ƙafar tsayawa. Ana cewa ƴar bori karuwa ce. Asalin wannan shi ne, a birane irin Maraɗi, matan da ba su da aure da ƴan bori duka a ƙarƙashin Iya suke, sau da yawa kuma gida ɗaya ke tara su, gama macen da aka saka ba ta da inda za ta sai inda za a karɓe ta. A ƙauye abin ba haka yake ba. Matan da na gani a girka matan aure ne da tsofaffi, mazajensu ne ma ke sayen akuyar. Goggo aurenta ɗaya, a ɗakin da aka kai ta ta tsufa. Ana kuma cewa mayu ne, alhali kuwa a ƙauyukanmu, in an yi zargin maita ta kama yaro, wurin ƴan borin nan ake gudu neman taimako. Mutumin da ya tofar da yawu da rana in ya ji goge, shi ne za ka gani da dare ya rufe fuska da rawani yana sallama a ƙofar mai baƙin zane. Na ga manya da motar gwamnati, ba zan faɗi suna ba.

Sai batun hauka, kuma a nan labarin baƙin namu yana da amfani. A 2015 wata mujallar likitoci ta Ingila, Lancet Psychiatry, ta buga binciken da aka yi a kan dubban yara na yankin Bristol. Aka tarar waɗanda suka ce su ƴan gotik ne sosai suna da shekara 15, sun fi sauran faɗawa ciwon baƙin ciki kusan sau uku in sun kai 18. Jaridu suka yi ta yayatawa. Amma masu binciken da kansu sun ce ba su nuna cewa shiga ƙungiyar ke kawo ciwon ba, gama yana yiwuwa yaron da aka riga aka ware, ake tsangwama, shi ne ke neman inda za a karɓe shi. Wanda ya je gidan likita ya tarar da marasa lafiya cike, ba zai ce likita ne ya sa musu ciwo ba. Haka in ka ga masu raunin zuciya da yawa a cikin bori, ka tambaya tukuna a wane hali suka zo.

Inda magana ke kaiwa

Magana ba ta tsayawa a baki. Ran 20 ga Afrilu 1999 wasu ɗalibai biyu suka harbe ƴan makaranta 12 da malami 1 a makarantar Columbine ta Amurka. Da yake sun sa baƙaƙen riguna, kafin a binciki kome gidajen telebijin suka ce ƴan gotik ne. Bincike ya nuna ba su cikinsu, amma kafin gaskiya ta iso an riga an tsangwami yara masu baƙar tufa a makarantu da yawa. A watan Agusta 2007, a garin Bacup na Ingila, wasu samari suka tare wata yarinya mai shekara 20, Sophie Lancaster, da saurayinta a wani lambun shaƙatawa, suka yi ta dukansu da ƙafa saboda shigarsu kaɗai. Saurayin ya rayu, ita ta cika bayan kwana 13 a asibiti. A 2008 aka yanke wa biyu daga cikin samarin ɗaurin rai da rai, a 2013 kuma ƴan sandan Manchester suka fara rubuta irin wannan hari a cikin laifuffukan ƙiyayya, daidai da harin da ake kai wa mutum don launinsa ko addininsa.

Mu ma muna da namu, kuma abin mamaki shi ma a kan tufa ya tashi. A watan Nuwamba 2000 aka shirya bikin nunin tufafi na FIMA karo na biyu kusa da Yamai, wanda Alphadi ya ƙirƙiro. Ƙungiyoyin addini suka ce ba su yarda ba, aka yi zanga-zanga a Yamai da Maraɗi. Bikin yana can nisan kilomita ɗaruruwa, amma a Maraɗi fushin ya sauka a kan waɗanda ke kusa: mashaya, da rumfunan caca, da majami'u, da gidajen matan da ba su da aure. Gidan Iya ma bai tsira ba. Ba ƴar bori ko ɗaya da ta hau dandalin FIMA. Ina yaro a lokacin, amma ina tune da ranar da labarin ya iso ƙauye, Goggo ta fitar da akwatinta da dare ta kai shi rumbu ta tura cikin damman gero, ya yi wata uku a can.

To, kada a ce na rufe ido ga aibin bori. Girka tana cin dukiya: akuya, kaji, zannuwa, turare, abincin baƙi na kwana bakwai, da kuɗin makaɗa, har gida ya sayar da hatsin da zai ci da bazara. A cikin masu girka akwai na kirki, akwai kuma ƴan damfara da ke ganin iska a kan duk wanda ke da tumaki. Mafi muni, akwai ciwon da ba ya jira. Yaron da sanƙarau ya kama, ko mai cikin da ta fara jijjiga, ko mai farfaɗiya, in aka tsaya kiɗa a kansu maimakon a nufi gidan likita, ana iya rasa su cikin kwana ɗaya. Na san gidan da aka yi haka. Wannan gaskiya ce da ya kamata a faɗa wa ƴan bori a gabansu.

Amma wa zai faɗa musu, in duk wanda ya yi karatu yana ƙyamar zama da su? A nan nake so ma'aikatanmu su saurara. Shekarun baya tari ya kama Goggo, na matsa mata har ta yarda muka tafi wani gidan likita. Muna cikin layi wata ta raɗa wa ma'aikacin ko wace ce. Da aka zo kanta, sai ya ce da ita, gaban mutane, me ya kawo ta, ta koma aljannunta su ba ta magani. Aka yi dariya. Ya rubuta mata takarda dai, amma ta ninke ta ta ƙulle a bakin zane, ba ta sayi maganin ba, kuma shekara biyu ba wanda ya isa ya sake kai ta. Macen da rabin haihuwar unguwa ke bi ta hannunta ke nan. Da ya ba ta kujera ya tambaye ta aikinta, da ya sami wadda za ta riƙa turo masa masu ciki tun da wuri.

Ni ma ba ni da bakin zargin wannan ma'aikaci sosai. Lokacin da nake makarantar horar da malamai, abokaina biyu suka raka ni gida hutu. Na zaga da su gidajen dangi duka ana gaisawa, na tsallake nata. Da yamma sai ga ta da ƙwaryar fura da ƙuli-ƙuli ta kawo wa baƙi, ta durƙusa ta gaishe su. Da suka tambaye ni ko wace ce, na ce wata maƙwabciya ce. Ta ji. Ba ta ce kome ba, ba ta kuma taɓa tayar da maganar ba, sai dai tun daga ranar ta daina ce mini "ɗana", ta koma ce mini "Mushe".

Mu masu fassara mun san abin da sauran ma'aikata ba su lura da shi ba, watau bori yana cikin bakinmu duka. Ciwon nan da ke shanye ƙafar yara, wanda aka yi shekaru ana bi gida gida ana ɗiga wa yara maganinsa har aka tabbatar a 2020 cewa nau'insa na daji ya ƙare a Afirka, da wane suna muka rubuta shi a allunan gwamnati? Shan inna. Innar nan kuwa ita ce Doguwa, iskar da aka ce ita ke shanye gaɓar yaro. Mun ɗauki sunan ne don shi uwaye suka sani, kuma da shi aka ci nasara.

Wannan dabara ma ba mu muka fara ta ba. Nana Asma'u, ɗiyar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta tarar da matan karkara, da yawansu Gobirawa da aka kamo a yaƙi, suna riƙe da bori. Ta kafa ƙungiyar ƴan taru, ta zaɓi dattijan mata ta naɗa su jaji, suna zuwa wurinta suna koyon karatu da waƙoƙin addini su koma su koya wa na ƙauye. Alamar da ta ba kowace jaji ita ce malfa da jan ƙyalle, kuma Jean Boyd, wadda ta rubuta tarihinta, ta nuna cewa irin malfar da Innar Gobir ke sawa ce. Matan ƙauye suka ga hular da suka saba girmamawa, suka buɗe ƙofa.

Takardar nan ta Faransanci dai na gama ta. A wurin kalmar na rubuta "ƴan gotik, watau samari da ƴanmata masu son baƙaƙen tufafi da kiɗan baƙin ciki". Abokin aikina ya ce ya yi tsawo. Na ce a bar shi haka.

Goggo ta rasu bara waccan da sanyi. Limamin ƙauye ya yi mata salla, mutane suka cika har bayan gida, gama kusan kowane saurayi a sahun nan ita ta yanke masa cibi. Bayan addu'ar bakwai aka zo rabon kaya, tukwane da tabarmi da awaki biyu kowa ya san inda za su. Da aka jawo akwatin ƙarfen daga ƙarƙashin gado sai ɗaki ya yi tsit. Ɗiyarta ta ce ita ba ta so, mijinta ba zai bari ya shiga gidansa ba. Wani ya ce a ƙone, wani ya ce ƙonawa ma tana da haɗari, a kai daji a binne. Aka bar shi a tsakar ɗaki kwana biyu ana ratse shi. Ran na uku da hantsi wata tsohuwa ta zo a ƙasa daga wani ƙauye na wajen Tsibiri, ta yi gaisuwa, ta sha ruwa, ta ce tare aka yi musu girka. Ta buɗe akwatin ta fitar da zanen ta kakkaɓe, ya koɗe har ya koma toka-toka a wurin ninki. Ta sake ninke shi ta mayar, ta naɗa gammo, na taya ta ɗora akwatin a ka.